Kayan ɗaki: sabo a bashi ko gwanjo da kuɗi hannu?

Ma'auratan Mormon (mabiya cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe) da yawa a garin Provo na jihar Utah, Amurka, suna aure tun suna ɗalibai a BYU, jami'ar cocin, to ranar da suka kama hayar ɗan ɗaki a ƙasan gidan wani sai tambaya ta taso, kujera da gado fa?

Hanya ta farko su je shago su ɗauki sabo fil da katin bashi, ɗaki ya yi kyau nan take, amma kuɗin ruwa yana hawa duk wata, ga shi kafin su taɓa albashi sun riga sun cire kashi 10 cikin 100 na coci, ga kuɗin cin abinci sau biyu da suke bayarwa sadaka ranar Lahadin da suke azumi duk wata, ga haya, wata sa'in ma ga jariri a hanya. Cocin nasu kuma ya daɗe yana jan kunne kan bashi, sai dai na karatu ko matsakaicin gida ko mota in ta zama dole.

Ɗaya hanyar Deseret Industries ce, shagon gwanjo na cocin tun 1938. Teburi mai tabon kofi a gefe, kujeru huɗu kowacce da kalarta, kuma gaskiya sai ka yi sawu biyu uku kafin ka dace da mai kyau. Ni dai nan na karkata, don canjin da ya rage shi ke sayen shinkafa da wake da alkama na ajiyar abinci a gida da cocin ke koya musu. Katifa ce kawai zan ce a daure a sayi sabuwa.