Annoy, irritate, provoke da 'yan uwansu: ina bambancin yake?

'Yar uwa, kin tambaya ko annoy da irritate da provoke da infuriate duk abu ɗaya ne tunda duk inda kika duba sai a ce miki "ba da haushi". Ba ɗaya ba ne gaskiya, kuma ba ƙarfin fushin kaɗai ya raba su ba, kowanne akwai irin hanyar da haushin ya biyo.

Bari mu fara da annoy da irritate don su aka fi cakuɗawa. Annoy haushi ne na yau da kullum, wani ya yi miki abin da bai miki daɗi ba kin ja tsaki an wuce wurin. Irritate kuwa yawanci ɗan ƙaramin abu ne da ya ƙi tsayawa, misali kina karatu, na kusa da ke yana ta danna biro ƙas ƙas ƙas, ba wani laifi ya yi ba amma sai ki ji duk kin ƙosa kamar ki fizge biron. Yadda za ki riƙe shi, irritate har a jiki ana faɗinsa, hayaƙi na irritate ido, sabulu na irritate fata, amma ba mai cewa sabulu ya yi annoy fatarsa. Bother ya fi su sanyi, damu ne kawai, shi ya sa ake buɗe magana da "sorry to bother you" cikin ladabi.

Sai anger da provoke, kuma a nan nake so ki natsu. Anger sakamakon kawai yake nunawa, an fusata mutum, ko da gangan ko ba da gangan ba. A labarai aka fi jin sa, irin "the decision angered workers", a hira kuwa mutane sun fi cewa "it made me angry". Provoke takala ce. Mai yin ta martani yake nema, so yake ki tanka ko ki kai hannu, shi ya sa ake cewa "he provoked him into fighting". Mutum zai iya annoy ɗinki bai ma san ya yi ba, amma da kin ce ya yi provoke ɗinki to kin ɗora masa laifin tsokana, don haka ki kula da wanda za ki faɗa wa.

Infuriate daga fury ya fito, enrage daga rage, duka biyun harzuƙa ne. Sai dai infuriate ana yawan zuzuta magana da shi, intanet ta yi ta yankewa mutum ya ce infuriating, shi kuwa enrage sai abu ya kai inda ido ya rufe, har dabba ana cewa enraged.

Wanda na fi so a lura da shi exasperate ne, ana barin sa a baya alhali ba mai maye gurbinsa. Fushi ne haɗe da gajiya, kin yi wa yaro bayani kin sake kin kuma sakewa ya koma ya yi abin nan dai, ba ki tsane shi ba, dabara ce ta ƙare miki sai dogon numfashi.

Aggravate asalinsa daga kalmar Latin gravis ne wato nauyi, ma'anarsa ƙara tsananta abu kamar ciwo ko rikici. Ana amfani da shi a madadin annoy a hira, amma a jarrabawa ko takardar ofis ki bar shi a ma'anarsa ta farko. Piss off kuma shi ma ba da haushi ne, sai dai maganar kan titi ce, kar ki kai ta gaban malami ko shugabanki a wurin aiki. Ki kuma sani in Ba'amurke ya ce pissed fushi yake nufi, a Ingila kuwa mutum ya bugu da giya ke nan.