Ajin hutun da yara ke gina tarihi da laka a Marwa, ga yadda na same shi

Wata ƙawata ce ta ba ni labarin wurin, tace akwai wani malamin tarihi na kwalej da yake tara yaran siziyem da sankiyem, wato aji ɗaya da aji biyu na kwalej, lokacin vakans a wani gida nan Marwa, wai maimakon haddar shekaru sai su riƙa gina abin da ake koya musu da hannu. Na kai ɗana saboda gaskiya a tarihi ya fi faɗuwa bana, kuma zaman gida sai waya. Kuɗin jaka goma ne na sati huɗu, sau uku a sati, safe zuwa azahar.

Satin farko ban ji daɗi ba sam. Katafaren gidan sarakunan Faransa suka yi da kwali da gam, irin mai gwalalo kewaye da gada da ake ɗagawa da sarƙa, da 'yan tagogin nan sirara na harba kibiya. Yayi kyau a ido amma Malam ne ya yanka kusan komai, yara liƙawa kawai suka yi, kuma aka ce mu ƙara ɗari biyar na gam wanda ba a faɗa mana tun farko ba. Na ce a raina to ashe kuɗina sun tafi.

Sati na biyu ne abin ya juya, da aka ajiye kwali aka kawo ƙasa. Ganuwar Kano suka fara, wadda ake cewa Sarki Gijimasu ne ya soma gininta a ƙarni na 12, kuma Malam bai yarda su mulmula ta kamar tuwo su tsayar ba, sai da suka kwaɓa ƙasa da ciyawa, suka yi ƙananan tubali irin namu na gargajiya masu faɗin gindi da tsinin kai, suka shanya, sannan aka jera aka yi yaɓe. Ƙungiyar su ɗana suka yi gaggawa suka ɗaga bango siriri dogo, kafin a tashi ya kife. Wallahi yaron nan da ya dawo gida tun daga ƙofa yake cewa Mama kin san dalilin da yasa gindin ganuwa yake da kauri sama kuma ta tsuke? ya zaunar da ni yana min bayani da kofi da faranti, ni da na girma ina ganin ginin ƙasa ban taɓa tsayawa nayi tunanin ba. Daga nan suka wuce masallacin Jingarebar na Tumbuktu da aka gina a 1327 bayan Mansa Musa ya dawo daga hajjinsa na 1324, suka soka tsinken tsire a jikin bangon a madadin itatuwan da ke leƙowa, aka gaya musu ba don ado kaɗai ba ne, a kansu magina ke takawa in za a sabunta yaɓe.

Abin da ya fi burge ni shi ne Malam bai tsallake namu na kusa ba. Sun zana Tafkin Cadi a kan katako, suka sa Njimi ta gabas inda sarakunan Kanem suke a da, sannan da zare ja suka nuna yadda ƙabilar Bulala suka kore su suka koma Borno, har Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu wajen 1470 kusa da kogin Yobe. Da yake fadar can da jan bulo aka gina ta, sai suka gasa 'yan bulo a murhu suka zuba musu ruwa tare da ɗanyen tubali don su ga wanne zai narke. Sun kuma ƙera mutum-mutumi irin na Sao, mutanen da suka zauna yankin Tafkin Cadi a zamanin da, da manyan tulunan da suke binne mamata a ciki, wata yarinya 'yar ƙabilar Kotoko tace kakanninta a Gulfe suke kuma ta ga tsohuwar ganuwar garin da idonta, ranar kam ita ce malama.

Sai dai wurin ya yi kaɗan, yara sun fi ashirin a ɗaki ɗaya ga zafi, babu wurin wanke hannu na kirki, kar ki sa wa yaronki kayan arziki. Kuma damina ce fa amma aka bar aikin sati biyu a tsakar gida ba leda, ruwan dare ɗaya ya cinye rabin Kano, yara har da kuka. Malam ya ba da haƙuri ya ƙara musu kwana biyu kyauta suka sake, wannan na yaba masa.

Rubutu ma kaɗan ne, ni na so a ce kowane gini ya zo da 'yar takarda ta shekaru da sunaye don jarrabawa, na faɗa masa yace zai duba. In Allah ya kai mu vakans mai zuwa ƙanwar ɗana zan kai, amma sai an gama satin kwalin nan. Masallacin yana nan kan firij ɗina, hasumiyar ta ɗan karkace, babu mai taɓawa.