Bel kaɗai ko bel da famfon ruwa tare? Amsa ga mai Accord V6

Salam ƴan uwa. Wani ɗan uwa ya yi tambaya jiya a nan, yana da Honda Accord 2004 mai silinda shida, ya kai a canza masa taimin bel sai makaniki ya ce sai dai a haɗa da famfon ruwa, shi kuma yana ganin famfon lafiyarsa ƙalau, ba yoyo ba ƙara, to me zai sa a cire abu mai aiki? Ko dai so ake a ci kuɗinsa? Na ga amsoshin sun rabu biyu, bari in ajiye hanyoyin gefe da gefe.

Da farko malam ka san inda famfon yake zaune. A injinka bayan murfin taimin yake, kuma shi wannan bel ɗin da ke haɗa karanshaf (sandar da fistin ke juyawa) da kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) shi ne ke juya famfon. Kafin hannu ya kai gare shi sai an cire taya, an sauke fambel, an kwance mawuntin na gefe an tallafe injin, an ɓalle notin fulin karanshaf, wanda duk makanikin da ya taɓa Honda ya san taurin kansa, sannan a buɗe murafe. Duk wannan wahalar ita ce dai wahalar canza bel. Wato in an buɗe don bel, famfon yana nan yana kallonka, ƴan notuna ne kawai suka rage.

To in ka zaɓi bel kaɗai, ribarka a fili take, yau ka rage kuɗin kaya, ba a zubar da kulan, wato ruwan sanyaya inji, ba, aiki ya ƙare da wuri. Kuma in za a yi adalci littafin motar ma cewa ya yi a canza bel a duba famfo, bai ce dole a sauya ba. Amma ga inda gizo ke saƙar. Honda ta sa wa wannan bel mil 105,000 ko shekara 7, wanda ya riga zuwa, in kuma ana yawan tuƙi cikin zafin da ya wuce digiri 43 na Salshiyos sai a sauko mil 60,000. Tsohon famfon da ka bari ya riga ya ci zango ɗaya, yanzu kana roƙonsa ya ci na biyu, ga sabon bel mai ƙarfi ya ɗaure boris ɗinsa, wato abin da sandar famfon ke juyawa a kai, da ya saba da sakwarkwataccen bel. In ya fara yoyo a tsakiyar zango, kulan kan sabon bel ɗin zai riƙa ɗiga yana lalata shi, kuma sai an sake kwance komai tun daga taya, ka biya kuɗin aiki sau biyu. Wannan ma mai sauƙin kenan. In boris ɗin ya cije gaba ɗaya zai iya zare haƙoran bel ko ya tsinka shi, injinka kuwa irin wanda fistin da bawul ke shiga wuri ɗaya ne a lokuta daban, taimin ne kaɗai ke raba su. Bel na tsinkewa fistin ya daki bawul ya lanƙwasa su, daga nan maganar ta koma sauke tof silinda.

Bel da famfo tare kuwa aibinsa ɗaya ne zuwa biyu. Kuɗin yau ya ƙaru, sannan in aka sa maka famfo na bogi to gara tsohon naka na asali, wallahi wannan ba wasa ba ne, jabu yakan fara zuba tun bel bai tsufa ba. Shi ya sa masu cewa a bar na asali ba shirme suke ba. Maganinsa a nemi kit na kamfanin da aka sani irin Aisin ko Gates ko Continental, wanda ke zuwa da bel, famfo, tenshona (mai ɗaure bel) da fulin aidila (wanda bel ke bi ta kansa) a kwali ɗaya. Tenshonan nan mutane na raina shi alhali a injinka na haidrolik ne, in ya saki sai ka ji ƙwas-ƙwas da safe kafin inji ya ɗumama, kuma yana iya sa bel ya tsallake haƙori.

Ni dai in motata ce tare zan yi, ban ma tsaya dogon tunani ba. In kuma aljihu ya ƙi sam, to ka tsaya a wurin lokacin da aka buɗe. Ka kama fulin famfon ka girgiza, in ya yi lakwas-lakwas ko ka juya ka ji gurzo kamar da yashi a ciki, ya gama. Akwai ɗan rami a jikinsa da ruwa ke fitowa in sil, wato abin da ke tare ruwa kar ya zubo, ya fara mutuwa, ka leƙa da tocila, in ka ga busasshen fari-fari ko kore-kore ya daskare a ƙasansa kar ma a yi gardama. A duba oyal sil na kamshaf da karanshaf, don baƙin mai ma maƙiyin bel ne.

Af, masu Accord mai silinda huɗu daga 2003 da Camry 2.4 daga 2002 da na ga suna ta tsoma baki, ku wannan lissafin bai shafe ku ba, sarƙa ce a injinku kuma famfonku a waje yake fambel ke juya shi, sai ya nuna alama ake taɓa shi. Mai tsohuwar Camry 2.2 shi bel ne kuma yana juya famfo, sai dai in ya tsinke mota mutuwa kawai za ta yi a hanya, bawul ba ya taɓuwa.

In an gama ɗaurawa malam kar ka bari a yi saurin murza makulli, a juya karanshaf da hannu zagaye biyu cur a ga makin taimin sun dawo daidai, a zuba kulan na gaske ba zallan ruwa ba don tsatsa ke cinye famfo, a fitar da iska daga lagireto. Sannan ka rubuta kwanan wata da lambar mita ka manna a murfin taimin ɗin.