Kafin ka kwance babur a tsakar gida don ƙara masa ƙarfi, ga abin saye ga abin bari a shago

Yanzu duk shagon kayan babur da ka leƙa sai ka tarar an rataye kayan "ƙarin ƙarfi", ga CDI, wato ɗan akwatin da ke aika wa fulogi wuta, mai shuɗin kwali an rubuta masa racing, ga salansa mai ƙyalli, ga filtar iska ja ko koriya wadda ake ɗaurawa a bakin kafireto kai tsaye, ga fulogin iridium, ga babbar kafireto, ga bulok da fistin a kwali ɗaya, kuma kowanne ka taɓa mai shago zai ce maka wallahi oga in ka sa wannan babur ɗinka tashi zai yi. To gaskiyar magana ba duka ba, wasu suna aiki, wasu ƙara kawai suke ƙarawa, wasu kuma kai da kanka za ka sayo abin da zai kashe maka inji.

Ka fara sanin me kake da shi tukuna. Boxer ɗin Bajaj mai 100cc ƙarfinsa wajen na doki 8 ne, BM150 kuma wajen doki 12, su Jincheng da Haojue da TVS masu 125 suna tsakanin nan, roba-roba mai 110 kuma kusa yake da ƙaramin Boxer ɗin. Ma'ana ko da wani kaya ya ƙara maka kashi 10 cikin 100, wanda ba ƙaramin abu ba ne, doki ɗaya ka samu ko ma bai kai ba. Saboda haka wanda ke tunanin zai mai da Boxer ya koma pawa bayik da sifana biyu ya haƙura tun yanzu. Amma babur ya ja buhu uku ya hau tudu ba tare da kuka ba, ko ya yi tafiyar titi mai nisa inji bai galabaita ba, wannan kam ana samu, kuma ba da kuɗi mai yawa ba.

Sannan kafin ka sayi komai ka tabbata ba rashin lafiya ce ke damun mashin ɗin ba, don yawancin masu cewa babur ɗinsu ya mutu ba ya ja, bawul ne ya matse ko kuloci ya cinye ko sarƙa ta saki ko soson iska ya toshe da ƙura ko birkin baya yana ɗan kamawa ko taya ba iska. Saita bawul da sassafe inji na sanyi, a injin CG, wato irin na Honda CG da baburan China da dama suka kwaikwaya, wajen milimita 0.08 ne, a na roba-roba 0.05, ka duba littafin babur ɗinka ka tabbatar, kuma da fila geji ake yi, wato siraran ƙarafan nan na auna tazara, ba da ƙiyasin yatsa ba. Sau da yawa daga nan ma sai ka ga ba ka buƙatar sauran.

To in ka gama wannan, abin da ni zan ce ka fara saye shi ne sifroket, wato farantin nan mai haƙora da sarƙa ke hawa, na gaba ƙarami na baya babba. Shi ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko kaɗan, yana canza yadda ƙarfin ke isa taya ne, amma shi ne abin da za ka ji bambancinsa tun daga fitowa ƙofar gida. Lissafin mai sauƙi ne, ka ƙirga haƙoran baya ka raba da na gaba. A ce na gaba 14 na baya 42, ya ba ka 3, wato ƙaramin zai juya sau 3 kafin taya ta juya sau ɗaya. In ka sa na baya mai 45 ya koma 3.2, babur zai ƙara ja da wajen kashi 7 cikin 100, tashi da kaya ya yi sauƙi, yashi da tudu su yi sauƙi, amma ƙarshen gudunsa zai ragu da kusan haka kuma inji zai riƙa ɗaga murya a kan kwalta. In kuma na gaba ka mayar 15 ya koma 2.8, akasin haka ke nan, inji ya kwanta a doguwar tafiya, mai ya ɗan ragu, amma tashi ya yi nauyi kuma in ka yi goyo ko iska na gabanka sai ka ga giyar ƙarshe ta kasa, kana ta dawowa baya. Haƙori ɗaya a gaba kusan daidai yake da uku a baya, shi ya sa na gaba ya fi arha wajen gwaji, kuma sau da yawa sarƙarka za ta isa ba sai ka ƙara ko ka yanke ba. Mai kai kaya kasuwar ƙauye da ɗan acaɓa mai hanyar burji, ku ƙara na baya. Mai zirga-zirga shi kaɗai a titi kamar Kano zuwa Wudil ko Maraɗi zuwa Jibiya, 15 a gaba ya fi masa. Ban cika son a sauko da na gaba zuwa 13 ba don yana cin sarƙa da wuri. Wajen saye ka tafi da tsohon a hannu a gwada ramukan noti, ka duba lambar sarƙa, yawancin manyan nan 428 ne wasu roba-roba kuma 420, ba sa hawa juna. Kuma in sarƙa ta tsufa ka sayi saitin duka uku, sabon sifroket da tsohuwar sarƙa asarar kuɗi ce. In ka zo ɗaurawa ka bar mata sakin wajen santimita 2 zuwa 3, sannan ɗan makullin sarƙa rufaffen kansa ya kalli inda sarƙar ke tafiya.

Fulogin iridium ba zan daɗe a kansa ba. Yana daɗewa bai lalace ba, babur na tashi da wuri da sanyin safiya, shi ke nan, ƙarfi kam ba za ka ji ba. Matsalarsa ma jabu, fulogin kamfanin NGK na cikin kayan da aka fi kwaikwayo, in aka ba ka iridium a farashin da bai fi na fulogi gama-gari da komai ba to ka san me ka saya. Orijinal fulogi mai lamba D8EA a injin CG ko C7HSA a roba-roba ya fi jabun iridium sau goma.

CDI ɗin racing shi ne abin da samari suka fi ruɗuwa da shi don yana da arha kuma cire wancan sa wannan ne, minti biyar an gama. Abin da yake yi guda biyu ne, yana cire iyakar juyin inji in akwai, yana kuma sa wutar fulogi ta zo da wuri. To yawancin ƙananan injinan nan numfashinsu ke ƙarewa kafin su kai iyakar, kenan cire ta bai ƙara komai ba, sannan wuta in ta yi saurin zuwa ga zafin Afrilu ga man 'yan bumburutu da ba ka san me aka gauraya ba, sai inji ya fara ƙwanƙwasa, kik ya riƙa dukan ƙafa, fistin na shan wahala a ciki. In ka dage sai ka saya, ka fara sanin naka AC ne ko DC, na AC daga kwayil yake shan wuta, na DC daga batir, in ka haɗa wanda ba shi ba ko dai babur ya ƙi tashi ko CDI ɗin ya ƙone nan take, kuma soket ɗin Bajaj ba lallai ya zo ɗaya da na 'yan China ba. Kar ka yarda a yanka maka wayarin don a cusa shi, kuma tsohon ka ajiye shi a ƙarƙashin sit, ranarsa na zuwa.

Yanzu ga inda ake ɓarna, filta da salansa da kafireto. Su ukun nan abu ɗaya ne, iska ta shiga ta gaurayu da mai ta ƙone ta fita, in ka taɓa ɗaya dole ka saita sauran. Filtar nan ta waje da ake cire akwatin iska a ɗaura ta tana ba da ƙara mai daɗi in ka murɗa totur, kuma eh iska na ƙara shiga, amma an yi ta ne don masu tsere a titi mai tsabta, ba don hunturunmu da ƙura ke rufe rana ba. Ƙurar da ta wuce ta sai ta haɗu da baƙin mai ta koma tamkar sanfefa tana goge ringi da bulok, kafin damina ka ga babur na hayaƙi kana neman kuɗin ringi, ita kuma damina in ta zo ruwa kai tsaye cikin kafireto. Ni a wajena wannan ita ce mafi munin saye a duk jerin ga wanda ke hawa kullum. Ka bar akwatin kamfani a wurinsa, ka sayi sabon soso mai kyau, ka riƙa wanke shi kana shafa masa ɗan baƙin mai kana matsewa.

Salansa kuma mafi yawan na kasuwa bututu ne kawai ba komai a ciki, abin da kake saye ƙara ce, da ita maƙwabta za su san ka dawo ƙarfe sha biyun dare. A ƙaramin inji sau da yawa ma tana rage ƙarfin ja a ƙaramin gudu, babur ya yi sanyi wajen tashi sai ya ɗau wuta sosai kafin ya farfaɗo, kunne kuma ya ce maka gudu ya ƙaru alhali mita na nan inda take. In salansarka ta ruɓe ko ta toshe ka sayi irin ta kamfani mai kauri, ka ɗaga ta ka ji nauyi, ka duba waldar wuyanta, kuma ka sa sabon gasket a bakin inji.

Wanda duk ya riga ya buɗe iska ko salansa to ya sani inji yanzu yana samun iska da yawa mai kaɗan, kuma haka ke sa shi zafi har bawul ya ƙone ko fistin ya kama. Maganin shi ne jet, ɗan ƙaramin tagullan nan mai rami da ke cikin kafireto, a ƙara lambarsa mataki ɗaya ɗaya. Babban jet shi ke aiki in totur ya kusa ƙarewa, allura ke riƙe tsakiya, ƙaramin jet da sukurun iska su ke da sulo. Allurar tana da tsagogi, in ka sauko da kilif ɗinta ƙasa allura ta ɗaga mai ya ƙaru. Alƙalinka fulogi ne, ka yi tafiya mai ɗan nisa ka kwance shi ka duba bakinsa, in fari fat ne mai ya yi kaɗan akwai haɗari, in baƙi ne da toka mai ya yi yawa kana ƙona kuɗi, in ruwan ƙasa-ƙasa ne to ka dace. Kuma kar ka kwafi lambar jet ɗin wani a intanet, wanda ke Jos a tudun da ya kai wajen mita 1,200 iskarsa ba ɗaya ba ce da ta mai zama Sakkwato. Batun babbar kafireto kuwa, injin CG125 da kafireto mai lamba PZ26 yake zuwa, 150 da PZ27, PZ30 ta 200 ce, in ka ɗora PZ30 a kan 125 da ba a taɓa cikinsa ba iska za ta rasa saurin da za ta ja mai, ka murɗa totur babur ya yi kamar zai mutu, ga shan mai, kuma tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023 ba wanda ke wasa da lita.

Abin da ke ƙara ƙarfi na gaske shi ne babban bulok da fistin. Injin CG125 faɗin fistinsa milimita 56.5 ne, na CG150 kuma 62, tsawon tafiyar fistin ɗaya ne wato 49.5, to ka ga daga 124cc an koma 149cc, ƙarin kashi 20 cikin 100, wannan kam ko makaho ya hau zai ji. Sai dai shi ne kuma ya fi wuya a gida. Wani lokaci gindin sabon bulok ba ya shiga bakin kes, wato gangar jikin injin da bulok ke zama a kai, sai an kai an faɗaɗa, fin ɗin fistin akwai mai milimita 13 akwai mai 15 dole ka auna naka kafin ka biya, kan silinda na 125 ba kullum yake dacewa ba, kafireto ma sai ta koma PZ27 ko a ƙara jet. Kuma wannan maganar ta masu injin CG ce kawai, Boxer injinsa daban ne mai sarƙar taimin a sama, kayan CG ba sa hawansa, kuma in ka kuskure alamar taimin bawul zai iya gaisawa da fistin. In za ka yi da kanka, alamar IN ko kibiyar da ke kan fistin ka bi ta yadda takardar kayan ta ce, bakunan ringi kar su haɗu a layi ɗaya, ka cusa tsumma a bakin kes kafin ka sa ɗan kilif ɗin fin don in ya faɗa ciki sai an raba inji biyu, notinan kai kuma a ɗaure su a gicciye kaɗan kaɗan, da sifana mai awo in da hali. Bayan nan wajen kilomita 500 na farko tafiyar lallaɓa ce, a juye baƙin mai da wuri. Wanda bai taɓa yin ringi da hannunsa ba gara ya sayi kayan ya kira bakanike gida ya zauna kusa da shi yana kallo.

Duk wanda ya ƙara ƙarfi kuma ya tanadi kuɗin faifan kuloci da sifirin masu tauri, don tsohon zai fara sulɓewa, kuma baƙin mai ya zama na babur mai alamar JASO MA a jikin galan, 20W-50 ya dace da zafinmu, man mota wani yana sa kuloci santsi tunda a cikin mai yake wanka. Takalmin birki mai kyau da taya mai ƙwari su ma cikin lissafi suke, don birkin ganga na Boxer dama can da kaya a baya sai da addu'a.

Abu biyu da masu shago ba sa faɗa, in babur ɗinka sabo ne yana cikin garanti to ranar da ka buɗe inji ta ƙare, in kuma na haya ne ko na biyan kashi-kashi ka tambayi mai shi tukuna. Sannan ka haɗa kuɗin bulok da kafireto da kuloci da gasket da na bakanike a takarda, ka je ka tambayi nawa za ka cika in ka sayar da 100 ko 125 ɗinka ka ɗauki 150 na hannu mai lafiya, wanda dama firem ɗinsa da birkinsa da kulocinsa don wannan ƙarfin aka yi su, ga shi kuma ranar sayarwa dillali ba zai karya maka farashi da cewa an taɓa inji ba. In cikon bai wuce kuɗin kayan da yawa ba, ni 150 ɗin zan ɗauka, in sa masa sifroket ɗin da ya dace da hanyata in bar sauran yadda kamfani ya yi shi.