Kafin ka sauya lasifikar ƙofar gaba a motarka

Yawancin masu neman lasifikar mota abin da suke fara dubawa shi ne lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali, wat 300 ko wat 500. Wannan lamba ita ce mafi ƙarancin amfani a cikin duk abin da ke jikin kwalin, domin ƙarfin da lasifikar za ta jure na ɗan ƙiftawar ido kawai take nunawa. Wadda ya kamata ka nema ita ce mai alamar RMS, wato ƙarfin da za ta ɗauka tana aiki ba tsayawa. Rediyon mota da ake tallatawa da wat 50 sau huɗu, a zahiri abin da yake bai wa kowace lasifika bai cika wuce wat 20 zuwa 22 na RMS ba, kuma wanda ya zo da motar daga kamfani ma yakan gaza haka.

Saboda haka, idan ba za ka sa amfilifaya ba, wato na'urar da ke ƙara wa lasifika wuta, lambar da ta fi maka muhimmanci ita ce ta yawan ƙarar da lasifika ke fitarwa daga wutar da aka ba ta, wadda ake aunawa da dB. Lasifika mai 91 dB za ta fi mai 88 dB ƙara da wutar iri ɗaya, kuma don cike wannan tazara ta dB 3 sai an ninka wutar. Babbar lasifika mai tsada da aka ƙera don amfilifaya, in aka haɗa ta da ƙaramin rediyo, sai ta yi sanyi, mai mota ya ce an cuce shi, alhali wuta ce ba ta ishe ta ba.

Iri biyu ne a gabanka. Akwai mai haɗe, wadda ake kira kowaksiyal, an dasa tuwita, wato ƙaramar lasifika mai fitar da siririn sauti, a tsakiyarta. Cire tsohuwa, sa sabuwa, an gama. Akwai kuma mai rabe, wadda babbar lasifikar take zama a ƙofa, tuwitar a ɗora ta sama kusa da madubin gefe ko a ginshiƙin gilashin gaba, da ɗan akwati mai raba sauti a tsakaninsu. A ƙofar gaba ni mai rabe nake so, kuma dalilina ɗaya ne: siririn sauti miƙewa yake yi kai tsaye, to idan tuwita tana can ƙasa wajen ƙafarka, muryar mai waƙa ko mai karatu daga ƙasa za ka riƙa jin ta. Amma aikinta ya fi yawa, ga neman busasshen wuri da za a ɓoye akwatin. Idan motarka ta zo da gurbin tuwita a sama, kada ka yi jinkiri. Idan babu, kuma ba ka son a huda maka roba, kowaksiyal mai kyau ta wadatar.

Tuwitar siliki tana da laushi a kunne, ta ƙarfe ta fi kaifi, wasu kuma tana gajiyar da su a doguwar tafiya. Wannan zaɓin kunne ne. Abin da ba na kunne ba shi ne kayan da aka yi babbar lasifikar da shi. Cikin ƙofa ruwa na shiga duk lokacin da aka yi ruwan sama ko aka wanke mota, don haka nemi mai fuskar roba da baki na roba. Bakin soso ruɓewa yake yi da shekaru, shi ne ma yakan jawo kakarin da tsofaffin lasifiku ke yi.

Batun girma nan ne ake yawan asara. Inci 6.5 ya fi yawa a ƙofar gaba, akwai 5.25, akwai 6x9 a wasu motoci. Faɗi kaɗai bai isa ba, sai ka auna zurfi, ka kuma auna shi gilashi yana sauke har ƙasa, domin magnet ɗin sabuwar lasifika yakan fi na asali girma, gilashin ya zo ya buge shi. Maganin wannan shi ne zoben ƙari da ake sawa tsakanin ƙofa da lasifika. Sayi na roba mai tauri. Na katakon MDF yana shan ruwa ya kumbura. Kada kuma zoben ya yi kaurin da fuskar lasifikar za ta riƙa taɓa murfin ƙofa.

Duba om ɗin tsohuwar, wato lambar da ke nuna yadda lasifika ke turje wa wuta, kafin ka saya. Galibi om 4 ne, amma motocin da suka zo da amfilifayar kamfani wasu suna amfani da om 2, kuma sa musu mai om 4 zai rage ƙara.

Wajen ɗaurawa, cire kan batir mai alamar ragi tukuna, bayan ka tabbata kana da lambar buɗe rediyon idan mai kullewa ne. Ɓalle murfin ƙofa da abin ɓalla na roba don kada fenti ya karce, ka tanadi ƴan maɓallan roba sababbi domin tsofaffin karyewa suke yi. Yi amfani da soket ɗin haɗi maimakon yanke wayar mota. Ka kula da wayar ƙari da ta ragi: idan aka juya ta a ƙofa ɗaya, lasifikun biyu za su riƙa kashe wa juna amo, bas, wato sauti mai kauri, ya ɓace. Ledar da ke manne a cikin ƙofa ka mayar da ita yadda take, ita ce ke tare ruwa, kuma a wasu motocin akwai na'urar jakar iska a cikin ƙofar da ke buƙatar a rufe komai ruf.

Idan kuɗinka na da iyaka, gara ka sayi matsakaiciyar lasifika ka ƙara da faranti biyu ko uku na abin kashe rawar ƙarfe ka manna a bayanta, da soson toshe iska a kewayenta. Bas ɗin da za ka samu da wannan ya fi na mai tsada da aka ɗaure sakaka a ƙarfe tsirara. Kafin ka mayar da murfin, kunna rediyo, ka sauke gilashi ka ɗaga, ka saurari kowace ƙofa ita kaɗai.