Prado a kan tsaunin Mambila: fitilun dashbod da abin da suke faɗa

Wanda zai sayi Prado don zuwa ɗaurin aure a cikin gari, wannan rubutun ba nasa ba ne. Ni maganin dabbobi nake sayarwa a Jalingo, kuma da yawa daga masu sayen kayana makiyaya ne da ke kan tsaunin Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna. Daga Jalingo a bi Bali, a wuce Serti, a kai Mayo Selbe, sai hawan Biyu da Sisi har Maisamari, Nguroje, Gembu. Wannan duk kwalta ce, ko da ta farfashe. Aikin gaske sai an sauka daga kwalta an nufi rugage ta wajen Mayo Ndaga da Dorofi, inda jar ƙasa ke komawa kamar sabulu da zarar an yi ruwa. Wurin yana kimanin mita 1,600 sama da teku, hazo kuma yakan rufe hanya da rana tsaka.

Tawa samfurin 150 ce, wanda Toyota ta fara fitarwa a 2009, injin V6 mai lita 4.0, giya otomatik, 'yar Kwatano. A kan kwalta shiru take. Tana shiga laka sai dashbod ya cika da surutu, kuma a nan ne direbobi da yawa ke rikicewa, don ba kowace fitila ce ke kukan lalacewa ba.

Wadda ta fi yawan kamawa ita ce ta santsi, mai hoton mota da layuka biyu a karkace a ƙarƙashinta, ruwan ɗorawa. Idan tana ƙyaftawa, motar aiki take yi. Taya ɗaya ta rasa abin kamawa tana juyawa a banza, sai na'urar A-TRC ta matse mata birki ita kaɗai, ƙarfin ya koma kan tayar da ke taka ƙasa. Za ka ji gurnani daga gaban motar, gir-gir-gir. Yarona Sale, da ya fara jin haka a wani hawa mai kwazazzabo, cewa ya yi, "Alhaji, giyabos ya tafi!" Na ce masa ya riƙe bakinsa ya kuma riƙe kwalin allurai. Abin da ake so a lokacin shi ne ka bar ƙafarka a kan totur daidai wa daida. In ka ɗaga don tsoro, ka katse mata aiki a tsakiyar hawa.

Sai dai A-TRC tana da iyaka. Tunda da birki take aikin, in aka daɗe ana murzarta a taɓo na'urar takan yi zafi, ƙararrawa ta yi kuka, fitilar TRC OFF ta kama da kanta. Nan tsayawa ake yi a ba ta lokaci ta huce. Haka ma gargaɗin zafin man giyabos: a sami wuri mai ɗan daidaito, a sa P, a bar injin yana aiki har ya ɗauke. Kashe injin nan take ba ya taimakon sanyayawar. Tun da na riƙa sa ogzileri ƙasa, L4, kafin hawan ya yi tsanani, da wuya nake ganin wannan gargaɗin. Shiga L4 sai an tsaya cak an sa N. Idan kuma aka kulle difaranshal na tsakiya a L4, fitilar VSC OFF za ta kama, wato na'urar hana mota zamewa ta kashe kanta, wannan haka aka yi motar, babu abin kai wa makanike.

Abin da ya fi burge ni maɓallin DAC ne, na gangare. A L4 ake danna shi, koriyar fitila ta tsaya, ka ɗauke ƙafa daga birki da totur gaba ɗaya, motar ta riƙa sauka da kanta a hankali, wajen kilomita 5 zuwa 7 a awa, tana auna wa kowace taya nata birkin. Ɗauke ƙafar nan shi ne mai wuya, zuciya ba ta yarda da wuri idan kana hango rami a gefen dama. Amma a gangare mai santsi ƙafar mutum birki ɗaya take ba tayoyi huɗu, bayan motar kuma ya fara neman wuce gabanta. Da DAC ban taɓa jin ta juya min baya ba. In koriyar tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya, to bai kama aiki ba, ka duba ko kana L4.

Kada wani ya ɗauka da DAC ake sauka daga Maisamari zuwa Mayo Selbe. Wannan doguwar gangara da ƙaramar giya ake yin ta, ta biyu ko ta uku, injin ya riƙe motar. Mota mai nauyin fiye da tan biyu, ga kaya, in ka ɗora ta kan birki tun daga sama, warin ƙonewa zai riga kowace fitila sanar da kai. ABS ma, mai hana taya kullewa in an taka birki, a kan tsakuwa yana ƙara tazarar tsayawa, amfaninsa shi ne sitiyari bai kuɓuce maka ba.

Jajayen fitilu kuwa ba a ciniki da su. Ta birki ta taɓa kama min a hawa kawai, in an dawo fili ta ɗauke. Ashe takalmin birki ne ya cinye, man birki ya yi ƙasa a kofinsa, karkatar motar ke sa na'urar ta ga kamar ya ƙare. Ta baƙin mai, mai hoton buta, in ta kama a hawa ko da ƙiftawar ido ce, a kashe injin a zaro sanda a duba.

Rauninta a wannan ƙasar shi ne ƙananan wayoyin da ke ƙirga juyawar taya. Itace ɗaya ya fizge waya, ko laka ta daskare a kai, sai fitilar ABS da ta santsi su kama su tsaya cak, DAC da A-TRC su tafi hutu tare. Motar za ta yi tafiya, birkinta na kamawa, amma ka koma kai da ƙafarka. Direbobin tsofaffin Land Rover da ke jigilar kaya a Gembu sukan yi min dariya a kan haka, su ce tasu ba ta da fitilar da za ta tsorata su. Suna da gaskiyarsu, waya da filaya sun ishe su gyara a daji. Ni kuwa sai na sauko a sa mata kwamfuta. Shan mai a L4 ma ba a magana.

Ga mai niyyar saye, kafin ka tsaya kallon kujeru, kunna dashbod ba tare da tayar da injin ba. Dole ABS, ta santsi, ta birki da ta injin duk su kama, sannan su ɗauke bayan an tayar. Wani dillali ya taɓa nuna min wata mai ƙyalli wadda fitilar ABS ɗinta ba ta kama ko sau ɗaya ba. Na sa mai rewaya ya kwance gilashin, sai ga baƙin salatif an manna a kanta ta ciki. Dillalin ya ce, "Ranka ya daɗe, ai haka ta zo daga Kwatano." Na biya mai rewaya kuɗinsa, na miƙa wa dillali makullinsa.