Ajanta ko Ellora?

Dukansu tsofaffin wuraren ibada ne da aka sassaƙa a cikin dutse. Idan kwana ɗaya gare ka a Aurangabad ta Indiya (yanzu sunanta Chhatrapati Sambhajinagar), zaɓi Ellora. Kilomita 30 ne kawai, kogo 34, 12 na mabiya Buddha, sauran na mabiya addinan Hindu da Jain. Can ne haikalin Kailasa yake, wanda aka sassaƙe daga dutse guda, tun daga sama zuwa ƙasa. Mutanen yankin sun ce wata sarauniya ce ta rantse ba za ta ci abinci ba sai ta ga ƙololuwarsa, shi ya sa magini ya fara daga can.

Ajanta kuwa tafiyar kilomita 100 ce, amma zanen bangonta ya fi. Cikin duhu-duhu za ka ga fuskoki da furanni. Wani sojan Ingila mai farautar damisa ya yi kiciɓis da ita a 1819. Ranar Litinin a rufe take.